Kwando na Uku

A ƙauyenmu akwai wani bawan Allah, Cindo, wanda in ka ce ya jira ka a nan, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya nan za ka dawo ka same shi. Su uku ne a gida: shi, da Inna wadda ciwon ƙafa ya zaunar, da ƙanwarsa Tasalla mai koyon aikin malanta. Saura mako guda a zo duba darasinta kan rabe-raben halittu masu rai. In ta faɗi, wahalar shekara uku ta tashi a banza.

Wata rana ta ba shi kwanduna biyu ya tara mata abin nuna wa ɗalibai. Ta ce duk abin da ke ci yana yawo dabba ne. Mai zama wuri guda yana shan ruwa da rana, tsiro. Kafin azahar Cindo ya turo babur ɗin mai unguwa ya ɗaure a turken awaki, don bai shiga kwando ba. Ai yana shan mai, yana yawo. A ranar, da ƙafa mai unguwa ya je kasuwa.

Wata rana kuma ya ga Inna a tabarma tana shan hantsi, tun safe ba ta gusa ba. Ya ɗauko buta ya shiga yi wa ƙafafunta ban-ruwa. Inna ta yi ta dariya, ta ce a bar shi, wataƙila ta yi toho. Tasalla kuwa hankalinta a tashe yake.

"Yaya, kai dai ba dabba ba, ba tsiro ba. Ban san inda zan sa ka ba."

Nan take ta yi nadama, amma magana zarar bunu ce. Cindo bai ji haushi ba. Maƙwabta ya shiga ya aro kwando na uku.

Wata rana, ranar dubawar ke nan, Hajiyar da aka turo ta kalli kwandon fara da na ganye, ta ce bayan dabba da tsiro ina samfurin wani rukunin? Tasalla ta san shi a littafi, amma ba ta tanada ba. Sai ga sallamar Cindo, ɗauke da kwandonsa, a ciki wani tsohon tuwo da funfuna ta lulluɓe.

"Wannan gashin ba ya yawo, ba ya son rana, amma yana cin tuwo yana girma," in ji shi. "Irina ne. Shi ma ba a san inda za a sa shi ba."

Hajiya ta gyara tabarau, ta ce abin da take nema ke nan: funfuna rukuninta daban ne, masana ma sun daɗe suna sa ta cikin tsirrai kafin su gane. Tasalla ta yi darasi a kan tuwon, ta ci jarrabawar.

A hanyar gida ita ta ɗauki kwandon, tana share hawaye.

"Yaya, na san inda zan sa ka. Kusa da ni."

Shekara goma sha ɗaya ke nan. In ka hango Malama Tasalla, duba gefenta. Mijinta ma ya haƙura, ya gina wa Cindo ɗaki.