Zomon Inna da Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da surukata ta tafi Makka ta bar mini amanar zomonta ba. A shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, wata biyar ke nan da kai ni ɗakin miji a Gyaɗi-Gyaɗi, ita kuma Inna tana zaune a Tarauni. Zomon ba irin namu na gida ba ne. Fari ne tas, gashinsa dogo kamar shiɓar auduga. Wata Baturiya malamar asibiti da Inna ke kai wa fura ce ta bar mata shi da za ta koma ƙasarsu, kuma Inna tana ji da shi kamar jika.

Ranar da ta kawo shi a keji ta fara yi mini bayani: "Kin ga wannan gashin nasa, kullum sai an..."

"Inna, kada ki damu," na ce (ni da ko ido ba na iya haɗawa da ita!), "ai gashi sana'ata ce."

Ba ƙarya na yi ba, kitso nake yi, layinmu kaf a gabana mata ke durƙusawa. Ta dube ni, ta miƙo mini kejin.

Mako biyu ina ba shi dusa da ganyen salak, ban taɓa taje shi ba. Ran nan na ɗaga shi zan share keji, sai na ji curi-curi a bayan kunnuwansa, da ƙarƙashin ciki, da gindin wutsiya. Gashin ya cukurkuɗe har ya kama fata. Na yi abin da zan yi wa kan mace: na wanke shi tas da ruwa da sabulu. Yana bushewa curin ya ƙara ɗaurewa kamar soso, zomo kuwa ya lafe a lungu yana rawar ɗari, ya ƙi abinci kwana biyu. Ni ma ban ci na kirki ba. Ina tuƙa tuwo ina leƙa keji in ga ko yana numfashi.

Maigidana ya ce a kai shi asibitin dabbobi. Na ƙi. A ji a unguwa cewa gashin zomo ya gagari mai kitso? Na ɗauko man shanu na mulke shi tun daga wuya har wutsiya, wai ya yi laushi. Dusa da ƙasa da kashinsa duk suka manne. Da na ga saura kwana uku jirgin su Inna ya sauka, na kama almakashi. Ina yanka yana zillo, har na yanke shi a bayan kunne, jini ya fito. Na jefar da almakashin na zauna ina kuka, rabin zomo a aske, rabi a dunƙule.

Ranar sannu da zuwa tsakar gidan Tarauni ya cika da mata, ana rabon dabino da zamzam. Na kai kejin, na tura shi bayan randa na lulluɓe shi da zane, ina addu'ar a manta. Ina! Inna, wadda yanzu ta zama Hajiya, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Amarya, ina mutumina?"

Kafin in motsa, wata tsohuwa maƙwabciyarta ta shaƙi iska ta ce, "Wa ya zo da tuwo ne? Man shanu nake ji."

Na yaye zanen. Tsohuwar ta leƙa: "Hajiya, wannan zomo ne ko kaza aka fara figewa?"

Aka kwashe da dariya. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Hajiya ba ta yi dariya ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ta ɗora shi a cinya ta duba ciwon. "Zai rayu," ta ce. "Zauna nan." A gaban kowa ta nuna mini: ba a jiƙa shi, a bushe ake taje shi kullum tun kafin ya haɗe. In ya yi curi, da yatsu ake warware shi daga baki, kaɗan-kaɗan. In dole sai an yanke, a sa mataji tsakanin fata da almakashi, don fatarsa ba ta da kauri. Shimfiɗarsa kuma kada ta kwana da danshi.

Kwana huɗu ina zuwa Tarauni muna warwarewa tare, kaina a sunkuye. A rana ta huɗu ya ci ganye a hannuna, sannan Hajiya ta murmusa.

Tun daga nan na gane "ban sani ba" kunyarta ta minti ɗaya ce. Kunyar da na zaɓa kuwa, har na aurar da 'yata ta fari matan Tarauni suna tambayata ko da sauran man shanu.