Injiniya Dabo da Na'urar da Ba Ta San Shi Ba

Duk ƙasar Daura babu gwanin tsaron kwamfuta kamar Injiniya Mansur Dabo, kuma shi da kansa ya tabbatar mana da haka. Kwas ɗin mako uku ya yi a Kano, ya dawo da tabarau da ƙatuwar jaka, ya naɗa kansa Daraktan Tsaron Bayanai na wata ƙungiyar manoma a Sandamu. Ƙungiyar dai kwamfuta ɗaya gare ta. Mutane kuwa, don tsabar girmamawa, Sarkin Makulli suke ce masa.

Babban mutum irinsa ba ya ɓata yatsunsa da danne-danne. Sai dai ya tsaya ya goya hannu a baya yana ba da umarni, Laraba mai buga takardu tana dannawa. Haka aka yi ranar da ya kulle jerin sunayen manoman da za a ba irin gero. Laraba ta shiga da sunanta kamar kullum, ta danna abin da ya ce, rubutun ya rikiɗe ya zama shirmen da ba mai iya karantawa.

"Ku saurara," in ji shi ga 'yan kwamiti. "Can cikin zuciyar na'urar nan akwai mai gadi. Kafin ya buɗe sai ya duba waye mai fayil ɗin. In ba mai shi ba ne, ko waye, sai dai ya koma gida. Ba sani ba sabo!"

Da Laraba ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Washegari ya manna sanarwa: an hana ta shiga ofis, saboda dalilan tsaro.

Sai ruwan shuka ya sauka. Motar iri ta iso da hantsi, direba ya ce in babu jerin sunaye kafin azahar zai wuce gaba da kayansa. Manoma sama da ɗari suka yi cirko-cirko a rana, hankalinsu a tashe, don ƙasa ba ta jiran kowa ta bushe.

Injiniya ya gyara tabarau, ya shiga da sunansa da yatsa ɗaya. Na'ura ta ce ba shi da izini. Ya ƙara Injiniya a gaban sunan. Ba izini. Ya matso da bakinsa kusa da ita.

"Ni ne fa Darakta!"

Mai gadin nan da ya yi ta yabo bai taɓa jin labarinsa ba. Laraba kawai ya sani.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Nu'uman, ya miƙa masa makullin babur. Haka Sarkin Makulli ya sheƙa har Daura, gidan su Laraba da ke bayan rijiyar Kusugu, ya yi sallama yana zufa.

"Ranka ya daɗe, ai an hana ni shiga," in ji ta daga zaure. "Sai da izinin Darakta, a rubuce, da hatimi."

A tsugune ya rubuta, a kan gwiwarsa. Ta zo ta danna sau uku, takarda ta fito ladan yana gyaran murya. Kowa ya sami irinsa.

Kwamiti bai tsige shi ba, don ba a wulaƙanta ilimi. Makullin ƙofar ofis aka damƙa masa. Kullum da safe shi ke buɗe wa Laraba, kuma alhamdu lillahi, ƙofar ba ta taɓa tambayarsa ko shi waye ba.