Kunnen Shugaba

Duk wanda zai lissafa manyan mutanen da Bombay ta haifa, ya fara da Hasmukh Kapasi, sannan ya zauna ya huta kafin ya nemi na biyu. Shi ne Shugaba na Dindindin na Ƙungiyar Masu Adana Hotunan Finafinan Kwaleji. Haka aka buga a katinsa da ruwan zinare, a saman adireshin shagon laimar da ya sayar tuntuni. Ƙungiyar tamu ba ƙarama ba ce. Ranar da kowa ya zo, kuma babu wanda ciwon baya ya kwantar, sai an haɗa mana tebur biyu a shagon shayin Merwan.

Mu tsofaffi ne da muka ƙi yarda an tashi daga makaranta. Aikinmu tara hotunan da aka ɗauka a wurin shirya finafinan barkwanci na da, irin waɗanda ɗalibai ke saka wa firinsifal kwaɗo a aljihu, jarumi mai 'ya'ya huɗu a gida yana ta faɗuwa jarrabawar aji ɗaya. Hotunan talla na bangon silima ba ma kallonsu, na 'yan koyo ne. Namu su ne waɗanda ake ganin fitilu da igiyoyin wuta, da darakta yana hamma a gefe.

Hasmukh-bhai, wato Yaya Hasmukh kamar yadda muke kiransa, ya haura saba'in, amma ba a sanar da gashin kansa ba. Baƙi ne wuluk, kuma ranar da aka yi ruwan sama baƙin yakan ɗan gangaro zuwa wuyan riga. Yana ɗaga kwala, yana ɗaura suwaita a kafaɗa cikin zafin watan Mayu, don haka jaruman kwaleji suke yi. Ba ya dariya ko kaɗan. Ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin barkwanci, har ya gano cewa abu ne mai nauyi da bai kamata a yi wasa da shi ba.

"Jahili ne yake ganin firinsifal ya zame a kan ɓawon ayaba ya kama dariya," in ji shi, yana tsoma burodi a shayi. "Mai ilmi tambaya yake yi. Wace irin ayaba ce? Daga wace kasuwa? Wa ya ci ta?"

Mu kuwa sai mu gyaɗa kai da girmamawa, domin mun taɓa cinye damina guda muna gardama a kan ayabar nan.

Dokar ƙungiya, wadda shi ya tsara ta da hannunsa, ta ce babu mai hawa kujerar shugabanci sai wanda wani sashe na jikinsa ya fito a hoton wurin ɗaukar fim, kuma wanda sashensa ya fi kusa da fuska shi ne gaba. Kusan dukkanmu muna samari mun taɓa zuwa cikon benci a irin finafinan nan, don a ba mu shinkafar rana mu ga jaruma da idonmu. Saboda haka kowa yana da abin nunawa. Ni gwiwa gare ni, a ƙarƙashin wani tebur. Wani yana da takalmi. Kawas Dumasiya, likitan haƙori mai ritaya, yana da ƙeya sukutum. Hasmukh-bhai kuwa kunne gare shi.

Kunnen yana cikin hoton wani fim mai suna An Sace Ƙararrawa. Jaruma tana tsaye a kan tebur, jarumi ya cusa ƙararrawar kwaleji a cikin riga kamar mai ciki, firinsifal ya buɗe baki zai yi tsawa. Can a bakin hoton ta dama, daidai inda almakashi ya bi, akwai wani abu lanƙwasasshe dishi-dishi. Wannan shi ne kunnen, kuma a kansa aka kafa mulki.

Ya yi mana lacca a kansa sau ba adadi. "Ku dubi yadda ya karkata wajen jaruma," yakan ce, yana bin sa da gilashin ƙara girma. "Wannan ba kunnen ɗan cikon benci ba ne. Kunne ne da ya fahimci labarin. Darakta da kansa ya so ya sa fuskata duka, jarumi ne ya ji tsoro." A shagon Merwan kullum yakan zauna yadda kunnensa na dama zai fuskanci ƙofa, don baƙo ya fara gaisawa da shi. Wanzaminsa ya san cewa in ya iso wajen, sai ya ajiye hira ya riƙe numfashi.

Kawas ya daɗe yana cewa ƙeya ai kai ce gaba ɗaya, ita ta cancanci kujera. Hasmukh-bhai ya yanke hukunci cewa ƙeya ta juya wa fasaha baya, kunne kuwa maƙwabcin ido ne. Muka tafa masa.

A gida ma girmansa bai ragu ba. Matarsa Jasumati irin matan zamanin da ce, waɗanda ba sa kama sunan miji, don haka tun ranar aure sunansa a bakinta shi ne "Kana ji?" Takan ce, "Kana ji? Famfo yana yoyo." Shi kuma yana sunkuye a kan hoto. "Kana ji? Gas ya ƙare." Sai ya jawo wani hoton. Ranar da ta ce masa, "Kana ji? 'Yarka ta haihu," ya ɗago kai, abin a yaba masa, ya ce a duba ko jaririn ya ɗauko kunnen.

Ana nan sai jikokin wani tsohon mai ɗaukar hoto suka kai akwatinsa kasuwar tsofaffin kaya, Kawas ya riga kowa isa. A ciki ya sami nagetif, wato baƙin fim ɗin da aka wanko ainihin hoton nan daga cikinsa, kuma ya fi wanda muka sani faɗi ta dama da ta hagu, tun kafin almakashi ya taɓa shi. Kawas ya ɗaga shi ga ƙwan fitila bai ga komai ba, don idanunsa sun daina ganin abin da bai kai motar bas ba. Amma ya zo teburinmu yana haki.

"Hasmukh-bhai, magana ta ƙare," in ji shi. "A wanke shi a haska a gaban kowa. In akwai kai a jikin kunnen nan, kuma kanka ne, na bar gardama har in mutu. In ba kai ba ne, ka ɗaga min kujera."

Da wani ne, da ya ɗan razana. Hasmukh-bhai ko gezau. Gaskiya ce ya je wurin ɗaukar fim ɗin yana ɗan shekara goma sha tara. Yana tuna zafin fitilu, da shinkafar rana, da ƙamshin jaruma lokacin da ta wuce. Tsakanin isarsa da shinkafar akwai wani ɗan abu da ya faru, amma ya ba da labarin kunnen sau da yawa har labarin ya danne abin ya zauna a kansa. Wani lokaci dai yakan ji kansa yana ƙaiƙayi ba dalili, sai ya ɗora laifin a kan rini.

Shi da kansa ya kama zauren taron unguwa. Ya yi hayar majigi, ya sa aka soya samosa, ya gayyaci 'yan uwa da surukai da tsofaffin abokan cinikin laima. Ya ƙi leƙa hoton kafin ranar, wai mutum ba ya neman shaida a kan kunnensa. A ƙofar zaure ya rataya kyalle mai ɗauke da sunan taron: Bayyanar Sauran Jikina.

Ranar Lahadi da rana aka ja labule, zaure ya cika. Ya hau dandamali da suwaita a kafaɗa.

"'Yan uwa masoya fasaha," ya fara, "tarihi yana da haƙuri, amma ba ya mantuwa. Shekara da shekaru ƙasar nan tana rayuwa da kunnena kawai, kuma ta gode. Yau za a ba ta sauran. Ina roƙon kada a yi tafi da yawa, akwai masu hawan jini. Wanda kuma ya yi shakka a baya, na yafe masa tun yanzu, don rashin sani ne, da kuma daɗewa ana leƙa bakin mutane."

Ya ɗaga hannu, majigi ya haska bango. Mai majigin ya murza, ya murza, hoto ya washe. Ga jaruma, ga jarumi da cikinsa na ƙararrawa, ga firinsifal. Idanunmu duka suka ruga dama. Ga kunnen nan, lanƙwasasshe, ya karkata wajen jaruma kamar yadda aka koya mana. A jikinsa kuwa akwai wata ƙatuwar butar shayi mai ƙiba, a kan kujerar katako, da kofuna a gefenta. Ashe kunnen mariƙinta ne.

Surukai suka fara kallon juna. Ni dai kunya ta kama ni kamar ni aka haska, don na taɓa tsayawa a gaban baƙi na rantse cewa ina ganin jijiya a kunnen nan. Kawas ya fara miƙewa yana ɓalle maɓallin kwat yana sake ɓallawa, irin na wanda za a rantsar.

Sai aka ji murya daga bencin baya, wajen tiren samosa.

"Kana ji? Ai ga ka can."

Jasumati ce, tana nuna hagu da cokali. Muka juya. A ɓangaren da almakashi ya cire akwai layin ɗalibai mata. A tsakiyarsu ga wata siririyar yarinya da kitso biyu da ɗigo a goshi, ta wage baki tana dariya har ana ganin dasashi. Gyalenta ya zame, kunne ɗaya ya fito ya tsaya shi kaɗai kamar an kira sunansa.

"Bhabhi, matar yaya, kin tabbata?" in ji Kawas.

"Wannan kunnen ko a kasuwa aka baza shi zan tsince shi," in ji ta. "Tun ranar aurenmu nake zuba magana a cikinsa, har yau ban ji ta taɓa ƙasa ba."

A nan abin da labari ya danne ya miƙe tsaye. 'Yan matan cikon benci ne ba su isa ba ran nan, aka zagaya cikin samari aka tsinci marasa gemu, aka ɗaura musu gashi da gyale irin na mata. Hasmukh-bhai ya tuna ƙaiƙayin, ya tuna mai ɗinkin da ya ce masa ya tsuke ciki. Ya tuna har abin da ya ba shi dariyar. Na dubi hoton, na dube shi, sai tausayi ya kama ni, da hassada kuma. A duk akwatunanmu babu mai hoto irin wannan. Fuska ce cikakkiya, a fili, tana farin ciki, ga ta taku kaɗan daga jaruma.

Kawas mutum ne mai adalci, ko da yake adalcinsa yana da ƙaya. Ya koma ya zauna.

"To ai shi ke nan, Hasmukh-bhai," in ji shi. "Fuska ta fi ƙeya, doka ce. Kujera taka ce har abada. Abin da ya rage kawai ka juyo ka gaya wa jama'a, ka ce ni ce."

Shugaba ya dubi hagu, inda yarinyar ke dariya. Ya dubi dama, inda buta ke zaune da mutuncinta. Ya dubi surukansa a layin gaba. Sannan ya gyara suwaita, ya ɗaga kwala.

"Ban san wannan baiwar Allah ba," in ji shi, "kuma tarbiyyarta ba ta burge ni ba. Mace mai kamun kai ba ta buɗe baki haka a aji. Kunnena yana dama, inda na bar shi. In wani ma'aikaci ya ajiye buta a gabana har ta rufe sauran jikina, wannan sakaci ne na kamfani, kuma ya ƙara tabbatar da abin da na sha faɗa, cewa an yi min maƙarƙashiya."

Aka ce a kaɗa ƙuri'a. A nan ne ƙungiyarmu ta nuna irin mazajen da ta tara. Kowa ya shiga tunanin nasa sashen. Na tuna gwiwata da ke ƙarƙashin tebur, na tambayi kaina wa ya taɓa ganin abin da ke samanta. Mai takalmi ya sunkuyar da kai. Kawas ya kai hannu ya shafa ƙeyarsa a hankali, ya daɗe yana shafawa, sannan shi ya fara ɗaga hannu. Babu ko mutum ɗaya da ya ƙi. Muka tabbatar cewa Shugaba yana bayan butar, muka kuma ƙara sabuwar doka nan take, cewa duk hoton da almakashi bai gyara ba jita-jita ne.

Har yau Hasmukh-bhai ne Shugaba na Dindindin, kuma laccar kunne ta ƙara tsawo, don yanzu akwai babi a kan maƙarƙashiya. Jasumati ta sa an wanke mata ɓangaren hagu ta rataya a kicin, ta ce ba ta taɓa sanin ta auri mai fara'a ba. Ta kuma daina wahalar da kanta zuwa falo. In famfo ya fara yoyo ko gas ya ƙare, sai ta ɗora buta a wuta, ta sunkuya daidai mariƙin ta ce, "Kana ji?" Ta ce wannan aƙalla in ya ji zafi yana amsawa.