Ranar da Na Dafa Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar lallen Nafisa ba, kuma gara in faɗa tun yanzu: rabin laifin na mijina ne. Har gobe bai yarda ba, ni ma ban janye ba.

Sana'ata ƙunshi. A Nuzla, unguwarmu a Jidda, a shekarun da aka fara ja mana wutar lantarki, in kika ga amarya hannunta ya yi kyau, to daga gabana ta tashi. Maƙiyina ɗaya ne a duniya, ruɗuba, danshin nan na teku da ke sauko wa Jidda har bango ya yi gumi. Lalle ba ya bushewa. Sai a kawo kaskon gawayi amarya ta yi ta gasa hannu, hayaƙi na shiga idonta, tana hawaye kamar an ce ango ya fasa.

Ana nan sai wata Baturiya da nake yi wa guga za ta koma ƙasarsu, ta ba ni daffaya. Wani farin ƙarfe ne mai haƙarƙari jere, da mai a cikinsa, da ƙananan tayoyi. A garinsu ɗaki ake ɗumamawa da ita. (Abin da ya sa mutum mai hankali zai ɗauko ta ya kawo Jidda, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.) Ni dai ina ganinta na ga kasko marar hayaƙi. Na gwada da hannun jikata, lalle ya bushe tas, ya kama kamar an rina.

Aibinta ɗaya. In ta ɗauki zafi sai ka ji ƙas, fitilarta ta mutu, ta zauna tana hutawa. Can in ta ga dama ta sake tashi. Ni kuwa a rayuwata ban iya ganin mai aiki ya zauna ba tare da an ce masa zauna ba.

Nan mijina ya shigo. Abu Salihu direban babbar mota ne, hanyar Madina. Duk motar da aka damƙa masa, abu na farko sai ya kwance bakin lagireto ya zaro wani ɗan ƙarfe mai tsare zafi, balf suke ce masa, ya ɗaga shi sama yana cewa wannan na ƙasar sanyi ne, a nan sai dai ya shaƙe mota. Na ji wannan magana har na haddace. Akwai gwangwanin madara cike da su a ƙarƙashin gadonmu.

Lokacin kuma ina zuwa makarantar manya ta mata, da jikata a baya, na fara sanin lambobi. Na dubi maɓallin daffaya na karanta abin da ke jikinsa da kaina, ba wanda ya taya ni. Daga ranar na ɗauka ni da injiniya bambancinmu wando ne kawai. Na ce ita ma wannan ai 'yar ƙasar sanyi ce, dole da balf a cikinta.

Na zare ta daga bango (wautata ba ta kai can ba), na ɗauko sukudireban Abu Salihu na buɗe gefenta. Ga shi kuwa a bayan maɓallin, ɗan ƙarfe da wayoyi biyu. Na cire shi, na murɗe wayoyin wuri ɗaya, na naɗe da salatif, na mayar da maɓallin yadda yake. Da na kunna ta ɗauki zafi ba ƙas ba hutu. Na kashe, na ce yauwa, yanzu kin zama 'yar Jidda. Balf ɗin na ƙulle shi a bakin zanena, da niyyar in jefa a gwangwani.

Nafisa 'yar maƙwabciyata Asabe ce, ni na yi mata wankan farko. Dangin angonta Hausawan Sudan ne, mutanen da ba a yi musu wasa da lalle: ranar biki sai an buɗe hannun amarya matansu sun duba zane ɗaya bayan ɗaya. Uwar ango, Hajja Batulu, ta aiko cikin mutunci cewa za ta zo da mai lallensu. Na ce a gaya mata muddin ina numfashi ba mai taɓa hannun yarinyar nan. Na ƙara da cewa kada kowa ya kawo mini gawayi, mun wuce wannan zamani. A gaban Ladi mai kasko na faɗa, wadda shekara da shekaru kaskonta nake aro.

Ranar lalle, bayan azahar, mata suka cika ɗakin Asabe. Na yi zane irin wanda ban taɓa yi ba, furanni da ganye har wuyan hannu, Hajja Batulu ta leƙa ta gyaɗa kai. Na sa aka rufe taga, aka kashe fanka don kada zafi ya gudu, na gangaro da daffaya gaban amarya kamar mai shigo da babbar baƙuwa.

Da farko an sha mamaki. Wata har ta shafa ta tana salati. Daga nan hira ta fara raguwa. Mafitai suka fito. Kwallin mata ya fara gangarowa, alewar da aka jera a faranti ta haɗe ta zama ɗaya. Asabe ta matso ta raɗa mini ko za a rage. Na miƙe a gaban kowa, na murɗa maɓallin, na karanta musu lambar da ƙarfi don su san da wa suke zaune. Sai da hannuna ya bar maɓallin na tuna ba abin da ke bayansa. Abin da ke bayansa yana bakin zanena.

Za ku ce me ya hana ni zare ta daga bango. To, Hajja Batulu ce ta jingina daidai wurin, da matashinta da ƙibarta. In na ce ta matsa, na amsa ke nan cewa kayana ya fi ƙarfina. Sai na zauna ina murmushi, gumi na ɗiga daga haɓata, ina cewa haka take yi, yanzu za ta huce.

Hajja Batulu ta share wuya da gefen mayafi ta dube ni.

"Ya ukhti, mu a wajenmu amarya kaɗai ake zaunarwa a kan hayaƙin turaren dukhan. Ke kin haɗa har da dangi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai na dubi hannun Nafisa. Gumi ya biyo damtsenta ya shiga cikin zanen. Furannin sun narke sun shiga ganye, ganye ya shiga tafi, komai na tsiyaya ta gefen yatsu. Daffaya kuwa fentinta ya fara tashi, tana wari, baƙin mai na ɗiga a tabarma. Sai wani abu ya ce fau a waje, wutar lungun gaba ɗaya ta ɗauke, don duk waya ɗaya muke ja.

Maza suka biyo wari har ƙofar Asabe. Abu Salihu ne ya yi sallama, mata suka yi lulluɓi, ya ja daffaya waje da tsumma. Ina jin ƙarar sukudireba. Can ya ɗaga murya daga zaure yana tambayar ina abin da ke bayan maɓallin nan.

Da na yi shiru da an ce ƙaddara ce. Amma ni ban iya shiru ba. Na kwance bakin zanena a gaban mata, na ɗaga balf sama daidai yadda yake ɗagawa, na ce, "Ga shi. Ba kai ka ce na ƙasar sanyi ba ne?"

"Ummu Salihu, lagireto sanyaya mota yake yi. Wannan dafa mutum take yi. Ƙarfen nan shi ne kaɗai mai ce mata ya isa."

Wani a cikin mazan ya ce ashe shi ya sa aka cire, 'yan gida ɗaya ne da mai ita, ita ma ba mai ce mata ya isa. Na gane muryar, kuma har yau ba na gaishe shi da kyau.

Muka wanke hannun Nafisa, amma lalle ya riga ya kama, dabbare-dabbare kamar jikin akuya. Asabe ta juya mini baya, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Hanya ɗaya ta rage: a rufe duka da ƙunshi irin na iyayenmu, ja wur daga yatsa har wuyan hannu, ba fure ba ganye. Na taka da ƙafata har gidan Ladi na ari kasko. Ta ba ni, ta kuma tambaye ni ko zamanin ne ya dawo.

Ina cikin shafa mata lallen Nafisa ta ce a hankali, "Khala, gobe ni kaɗai zan fito da hannun kakata."

Abin da na koya a ranar ba shi da yawa. Abin da ya tsaya ya huta, wataƙila ya san abin da ban sani ba. Kuma maganar miji a kan mota, a bar ta a mota.

Amma yarinyar nan ba za ta fito ita kaɗai ba. Washegari ina idar da sallar asuba na yi wa kaina irin ƙunshinta, na kwaɓa lalle cike da kwano, na ɗora kaskon Ladi a kai, na fita zan bi gidan duk macen da za ta zo bikin nan, in gaya mata bana abin da ake yayi ke nan.

Na fara da ƙofar Hajja Batulu.