Buhun Shinkafar da Ya Kayar da Ni

Wata tara ina shan ƙwayoyin homon na mata a ɓoye, don jikina ya zama na macen da na san ni ce. A Doha, in aka gane, na shiga uku. Amma ran da Iliyasu, abokin dakona a kasuwar Souq Waqif, ya kasa ɗaga buhun shinkafa, sai na cika baki: "Matsa, malam, da hannu ɗaya nake ɗaukarsa!"

Na manta maganin ya cinye ƙarfin nan. Buhun ya kayar da ni rigingine. Iliyasu ya kama damtsena zai tashe ni, ya tsaya, ya latsa. Na ce yau asirina ya tonu.

"Kai, wannan ai burodi ne!"

Har yau Burodi suke kirana. Da sauri nake amsawa, kada su nemo mini wani sunan.