Yadda Za Ka Ci Fizar Taron Fahimtar Juna Ba Tare da Ka Ce Uffan Ba

Kai ɗalibin digiri na uku, na san halin da kake ciki: firjinka babu komai sai rabin albasa. Kwantar da hankalinka. Duk Alhamis jami'armu na yin taron fahimtar juna, inda ake zama a da'ira a tattauna bambancin launi, addini da asali, kuma ana kawo fiza, gurasar nan ta Turawa mai cuku, kyauta. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka ƙoshi ba tare da ka buɗe baki ba, sai dai don loma.

1. Zaɓi kujera

Kada ka zauna kusa da Marisol, shugabar taron, domin idonta irin na mai tsaron jarrabawa ne. Nemi gefen Darnell na sashen tarihi. In ya ɗauko labarin kakarsa ta Alabama, sai dusar ƙanƙarar waje ta narke bai kai ga aurenta ba.

2. Dutsen magana

Akwai wani ɗan dutse mai sulɓi da ake zagayawa da shi, wanda yake hannunsa shi ke da bakin magana. In ya iso gare ka, riƙe shi, ka lumshe ido, ka ja dogon numfashi, sannan ka miƙa wa na gaba. Za su ɗauka abin ya taɓa maka zuciya ne, alhali taunawa kake yi.

3. Gyaɗa kai

A hankali, kamar ƙadangare. Masana sun ce gyaɗawa uku daidai take da jawabi guda.

Amma in Priyanka ta fara faɗin yadda malaminta ya shekara yana kiranta da sunan wata 'yar Indiya daban, ajiye fizar. Nan babu wasa, ni kaina sai da raina ya ɓaci. In ta gama, ka ɗauka.

4. In an ritsa ka

Wata rana Marisol ta ce ba su taɓa jin muryata ba. Na haɗiye, na dafa ƙirji, na ce, "Na fi so in bar wa wasu fili." A wurinmu ba a yin tafi, yatsu ake ƙyastawa, kuma ranar an ƙyasta mini har na ƙara yanka biyu.

5. Kada ka ƙware da yawa

Da Marisol ta kammala karatunta za ta koma garinsu Tucson, sai ta taso ta danƙa mini dutsen.

"Anton," in ji ta, "ban taɓa ganin mai sauraro kamarka ba. Kai ne sabon shugaba."

Na so in ƙi, amma bakina cike yake da cuku.

"Kun gani ko?" in ji Darnell. "Ko yanzu fili ɗan'uwan nan yake bar mana."

A ranar na san dokar da ban taɓa lura da ita ba: shugaba ba ya ci sai kowa ya ƙoshi. Tun daga nan ni ke yin odar fiza, ni ke raba faranti, ni ke kwashe kwalayen da babu komai a ciki sai maiƙo.

Gargaɗi: marubucin ba shi da hannu a duk abin da zai same ka. Ka dai zo ranar Alhamis, ka zauna kusa da Darnell, ka yi shirunka da kyau. Ina nan ina lura, magaji nake nema.