Yadda Za Ka Gano Irin Haukan Ƙanenka Ba Tare da Ka Tambaye Shi Ba

Kai mai majinyaci a gida, kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan, kafin kasuwar Belbeji ta sake ci za ka san sunan cutarsa, sunan da ba zai taɓa mutuncin gidanku ba. Dado na Falanko ya gwada su a kan ƙanensa Ila bayan farin 1984, kuma sun yi aiki.

1. Tabbatar akwai haukan

Ila ya kai shanun gidansu kiwo wajen Tenhya, ya dawo daga shi sai sanda. Tun daga nan kullum safiya yakan ɗauki guga ya tafi rijiya, ya cika komin shayarwa fal, ya tsaya a kai kamar mai jiran garke. Ba ya zagi, ba ya jifa, sallarsa ba ta wuce shi. Kada wannan ya ruɗe ka. Hauka shi ne abin da maƙwabta suka gani suka yi dariya.

2. Jera ire-irensa, ka zaɓi mai sauƙi

Masana, wato mazauna gindin bedin bakin kasuwa, sun kasa shi huɗu: na gado, na boko, na sammu, na iska.

Na gado kore shi nan take. Dado na da 'ya, Raishatu, ga dangin saurayinta na shirin zuwa binciken asali. Na boko bai shiga ba, don Ila bai taɓa leƙa lakwal, wato makarantar boko, ba. Sammu kuwa sai an samo wanda ya yi shi, kuma da gari zai tambayi wa ke noma gonar Ila yanzu, kan Dado yatsa zai tsaya. Saura iska. Iska ba ta da dangi, ba ta kai ƙara wurin hakimi.

3. Guji majo

Majo, wato ma'aikacin likita, mutum ne mai yawan tambaya: yana barci, yana ci, me ya rasa? Ƙarshenta ya ce a kai shi asibitin Damagaram, duk wanda ke cikin kamiyo, babbar motar zuwa can, ya gan ku.

4. Hana matan gida tambaya

Nan Dado ya yi sake. Matarsa Zalika ta kai wa Ila fura, tausayi ya kama ta, ta ce, "Ƙanena, wa kake ɗebo wa ruwan nan?"

Ya ce, "Yaya, na san sun mutu, ni na ja mushensu. Amma in gari ya waye ban riƙe igiya ba, sai in rasa inda zan sa kaina."

Ta faɗa wa mijinta tana hawaye, ta ce baƙin ciki ne, a ba shi ko awakin gari ya kiwata. Shi ma Dado maganar ta soke shi, don goyonsa ne. Sai dai baƙin ciki ba ya cikin huɗun, kuma magani irin wannan sai an zauna da mutum. In haka ta same ka, ce iskar ce ta yi magana da bakinsa.

5. Turu

Ranar da baƙi masu binciken asali za su zo, Dado ya kira maƙwabta suka sa ƙafar Ila a turu bayan rumbu. Bai yi kokawa ba, shi ya miƙa ƙafar. Baƙi suka ji iskar daji ce ba gado ba, suka jajanta, aka sa rana.

Bayan biki aka kwance shi. Ila ya bar zuwa rijiya. Ya bar fita daga ɗaki, ya bar amsa gaisuwar wansa. Gari ya ce alhamdu lillahi, ya warke.

A kula: in naka ya yi irin wannan warkewa, kada ka zo ƙofata. Sunan cuta na yi maka alkawari, ban ce zan bar maka ƙane ba.